Gilashin da Ke Bayan Kwalabe

Wata biyar ke nan da nea Simion, wato baba Simion a yaren ƙasar, ya kori Dorin daga gidansa, kuma laifin Dorin bai wuce na idonsa ba.

Wata Lahadi ce a farkon sanyi Dorin ya hau tudun da ke bayan garin Cluj neman auren Ilinca, 'yar nea Simion, fure a hannu ɗaya, kwalbar giyar palinka a ɗayan. An karɓe shi da mutunci. Tanti Rodica, mahaifiyar yarinyar, ta cika tebur da kabeji naɗe da nama, ga tuwon masara da cuku. Da aka ƙoshi, tsohon ya miƙe da fara'a ya ce a zo a zaga gida, don ya nuna wa saurayin benen da ya ɗora wa 'yarsa. Shekara goma sha tara yana ɗaukar siminti a Jamus, duk hutu ya dawo ya ƙara 'yan layukan bulo da hannunsa.

Da Dorin ya iya kama bakinsa, da yanzu an sa rana.

Amma sana'arsa ke nan, duba wa mai saye gida kafin ya biya, kuma idon da ya saba ba ya zuwa hutun Lahadi. Da aka sauka ɗakin ƙasa don a nuna masa gangar giya, sai ya hango tsaga a bango, a bayan katakon da ake jera kwalaben kokwamba. Daga ƙasa ta taso a karkace, tana hawa kamar matakala.

"Nea Simion," ya ce, "da ka ɗora benen nan, ka ƙara wa harsashin ƙarfi kuwa?"

Fara'ar tsohon ta ɗauke.

"Auren 'yata ka zo nema, ko wankan gawar gidana?"

"Tambaya kawai na yi. Ƙasar tudun nan tana motsi, kai ma ka sani."

"Na san ƙofa ma. Ga ta can."

Tanti Rodica ce ta biyo shi da gudu har bakin titi ta miƙa masa rigar sanyinsa. Furen kuwa, daga baya ya ji a kwandon shara ya kwana.

Bayan mako guda ya ba Ilinca wani siririn gilashi, tsawonsa bai fi yatsa ba, da ɗan garin filasta a leda. Dabarar tsofaffin magina ce. Ana manna gilashin a gicciye a kan tsaga, a bar shi. In bango yana ci gaba da buɗewa, gilashin zai karye. In ya kai bayan narkewar ƙanƙara da ruwan bazara yana nan lafiya, to tsagar ta mutu, tabo ce kawai.

"In ya kai watan Afrilu bai karye ba," ya ce mata, "da gwiwa zan hau tudun nan in roƙi gafarar babanki."

Ta manna shi a bayan kwalaben ba tare da kowa ya sani ba. Tun daga nan gaisuwarsu ta zama iri ɗaya.

"Gilashin fa?"

"Yana nan."

* * *

Ilinca shafukan intanet take ƙera wa ƙananan 'yan kasuwa, masu gidan burodi da likitocin haƙori da irinsu. Uban ya hana Dorin taka gidansa, amma bai isa ya zaɓar mata abokan ciniki ba. Saboda haka duk Talata da ƙarfe huɗu tana zuwa ofishin Dorin, ɗan ɗaki ɗaya a bayan shagon fenti, ta buɗe kwamfutarta su yi aikin shafinsa.

Awa ɗaya da rabi. Ita ce duk rabonsa a mako. Sauran kwanakin yana rarrafe a rufin gidajen mutane, ya koma gidansu da ke hawa na bakwai na wani dogon bene, inda mahaifiyarsa ta rasu ta bar shi, ya ci burodi da cuku a tsaye a gaban taga.

Aikin wata ɗaya ne, shi ya ja shi ya kai biyar. Da farko ya kawo mata takarda goma sha ɗaya da ya rubuta a kan damshin bango, ya ce a sa a shafin farko.

"Wa zai karanta wannan?" ta ce. "Ko ni da nake son ka, a ta uku na yi barci."

"Ilimi ne."

"Dorin, saurara. Mace ce a cikin bas, waya a hannunta, duk abin da suka tara a shekara goma za su zuba shi a gida ɗaya. Tsoro take ji. Daƙiƙa biyar za ta ba ka. Fuskarka za ta gani, da lambar wayarka, da wurin dannawa guda ɗaya. Shi ke nan."

Ta yanke takardun nan ta bar samfurin rahoto ɗaya, mai hotuna, wanda kowa zai iya buɗewa ya ga irin abin da zai samu. Ta ƙi sa hoton turawan nan masu farin haƙori da hular kwano da ake ɗebowa kyauta, ta ce nasa za a sa. Sau arba'in ta ɗauke shi a gefen tsaninsa.

"Ka yi murmushi mana! Sai ka ce wanda ya zo ta'aziyya."

"Ai ina yi."

"Wannan ne murmushin? Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ta yi haƙuri."

A ƙarshe ta sa hoton haka nan, fuska a murtuke. A ƙarƙashinsa ta sa maɓalli kore, ƙato, mai cewa a zaɓi ranar duba gida. Ya ce ya yi girma da yawa.

"Da gangan na yi," ta ce. "Na yi shi yadda ko Baba, da yatsun nan nasa kamar ƙotar guduma, zai iya dannawa bai kuskure ba."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, don dukansu sun tuna wanda aka ambata.

Yau Talata ce ta ƙarshe. Shafin ya hau tun mako uku da suka wuce, babu sauran abin da Dorin zai ƙirƙiro ya ce a gyara. Yana zaune yana kallon gefen fuskarta, yana tunanin abin da zai yi da ƙarfe huɗun Talata mai zuwa, sai kwamfutar ta yi 'yar ƙara.

"Ga wani ya danna koren maɓallinka," ta ce. "Ban gaya maka ba?"

Ta buɗe. Ya ga hannunta ya tsaya a kan tebur.

Ya matso ya karanta. Wata mata ce mai suna Mirela. Ta rubuta cewa ita da mijinta Costel sun dawo daga Italiya bayan shekara goma sha biyu, tana da cikin wata shida, sun ga gidan da ya kwanta musu a rai, amma mijin nata mai gyaran mota ne, bai san komai a gini ba. Suna so a duba ranar Asabar da safe. A ƙasa ga adireshi: Titin Majami'a, lamba ashirin da bakwai, kan tudu.

Dorin ya karanta lambar sau biyu.

"Sayarwa zai yi?"

Ba ta ɗago ba. "Gwiwoyinsa sun ƙare, Dorin. Tudun nan ya fi ƙarfinsa. Horia ya ce in aka sayar, za a samu gida biyu ƙanana a cikin gari, ɗaya nasu, ɗaya nawa."

Horia dillalin gidaje ne, ɗan abokin nea Simion. Tun da aka kori Dorin, duk Lahadi yana gidan, a kan kujerar da Dorin ya zauna sau ɗaya tak.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata guda."

"Ba ki gaya mini ba."

"In gaya maka ka yi me? Ka hau da tocila?" Ta juyo, idanunta sun cika. "Ka bari in rufe ranar. Dannawa ɗaya ce, saƙo zai je mata cewa ba ka da lokaci. Ba ka yi ƙarya a kan gidan ba, ba ka faɗi komai ba. Don Allah, Dorin."

"Sai ta je wajen wa?"

"Ta nemi wani."

"Mu nawa ne a garin nan? In ba ta samu kowa kafin Asabar ba, saya za su yi haka nan. Kin fi ni sanin ta, ke kika zana mini ita. Ita ce matar cikin bas ɗin."

"Kada ka juyo mini da maganata!" Hawayen suka zubo. "Wata biyar ina zaune tsakaninku kamar katanga. A gida ba a ambatar sunanka, a nan ba a ambatar nasa. Mama kullum kuka, wai na kusa talatin, wai Horia yana da mota yana da ladabi. Baba ya fara saukowa, ka sani? Shekaranjiya ya tambaye ni ko har yanzu kana cin abinci a tsaye. Saura kaɗan, Dorin. Kaɗan ya rage. Yanzu za ka je ka tsaya a gaban baƙi ka ce aikin shekara goma sha tara ba shi da kyau?"

Dorin ya sake kallon adireshin. A shagon gaba ana girgiza gwangwanin fenti, ƙarar tana shigowa ta bango.

"Gilashin fa?" ya ce a hankali.

"Yana nan."

"Mun shiga Afrilu. In yana nan, tsagar ta mutu. Zan rubuta cewa tsohon tabo ne, kuma gaskiya na rubuta. To me kike tsoro?"

Ta share fuska da bayan hannu, tana kallon allon kwamfutar.

"Bakinka nake tsoro," ta ce.

Ya miƙa hannu ta gefenta, ya danna amincewa.

* * *

Washegari da hantsi Horia ya faka motarsa a ƙofar shagon fenti. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Likitan bango! Ashe kai aka kira mana. Shafin nan naka ya yi kyau, wallahi. Hoton ne dai, in yara suka ƙi barci sai a nuna musu."

"Me ke tafe da kai?"

Horia ya zauna a kujerar Ilinca ba tare da an ce ya zauna ba.

"Sauƙaƙa maka na zo yi. Ɗakin ƙasan nan an kankare shi, an sake shafe shi fari fat. An kafa sabbin katakai a bangon da kusoshi. Waje kuma an lulluɓe shi da soson hana sanyi, an yi fenti ruwan ɗorawa. Na san ƙa'idar aikinku, a shafinka ma na karanta: abin da ido ya gani a ranar. Ba ka cire kusa, ba ka fasa bango. To ido ba zai ga komai ba."

"Kai ka sa aka rufe?"

"Gyara aka yi. Kowa yana wanka kafin ya je biki." Ya gyara agogonsa. "Kuma tsohon ya ba ni saƙo. Ya ce in Asabar ta wuce lafiya, ka zo cin abinci ranar Lahadi."

Dorin ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya ji haushin kansa da ya bari ya motsa.

"Kai kuma ka ɗauko saƙon da kanka? Na zaci kujerar kake so."

Horia ya yi dariya har da buga cinya.

"Ɗan'uwa, ni ba na faɗuwa a cinikin nan. In ka rubuta lafiya, na ci la'adata. In ka rubuta akasin haka, na ci Lahadi har abada. Kai ne dai ɗaya za ka ɗauka."

Bayan ya fita, Dorin ya rufe ofis ya bi bakin kogi da ƙafa. Rana ta fito, tsofaffi suna zaune a kan benci bibbiyu, shi kaɗai ne ke tafiya ba abokin magana.

Ya juya lamarin ta kowane gefe. Ƙa'idar tana tare da shi, wannan gaskiya ne. Ba wanda zai kama shi don bai ga abin da ke bayan katako ba. Amma matar ba idonsa na ranar Asabar kaɗai ta ɗauka haya ba, shi ta ɗauka gaba ɗaya, har da abin da ya gani a watan Nuwamba. To zai faɗa mata akwai tsaga. Sai ta tambaya, mai rai ce ko matacciya? Gilashin ne kaɗai ya sani, kuma an kankare bangon. Abin da ya rage a duniya shi ne kalma biyu daga bakin Ilinca.

Yana nan.

Ya so ya yarda. Ya tsaya a kan gada yana so ya yarda. Sai dai ya tuna cewa da can in ta faɗa, cikin idonsa take kallo, har ta ƙara da zolaya. Tun wajen tsakiyar Maris take faɗa wa allon kwamfuta.

Ya ciro waya. Mutumin da ke ƙwanƙwasa bangon mutane duk yini don ya ji inda yake da rami, ya kasa ƙwanƙwasa wannan. Ya mayar da ita aljihu.

* * *

Ranar Asabar da ƙarfe tara ya isa. Gidan ya yi kyau kamar amarya, itacen tuffa na tsakar gida ya yi fure. Mirela da Costel suna bakin ƙofa, Horia yana nuna musu inda za a sa lilon yaro. Nea Simion yana tsaye a kan matakala da sandarsa, sanye da farar riga.

Kafin ya sauke tsani, Dorin ya ce, "Akwai abin da ya kamata ku sani. Na nemi auren 'yar gidan nan, kuma har yanzu ina nema. In kun ga ba za ku yarda da rahotona ba, ku faɗa yanzu in koma."

Costel ya kalli matarsa. Mirela ta dafa cikinta ta yi dariya.

"Ni hotonka na gani na zaɓe ka. Na ce wa Costel, wanda ko murmushin ƙarya bai iya ba, ina zai iya babbar? Shiga ka yi aikinka."

Awa biyu ya yi. Ya hau rufi, ya bi wayoyin lantarki, ya buɗe kowane famfo, ya ɗora ma'auninsa a kan kowane daɓe. Tsohon yana biye da shi, sanda tana ƙwas ƙwas. Aikin kuwa mai kyau ne, Dorin bai ɓoye ba.

"Katakon rufin nan zai kai jikokinku," ya ce wa Costel. "Wanda ya haɗa shi ya san hannunsa."

Ya ji tsohon ya yi gyaran murya a bayansa.

A bene, ƙofar ɗakin Ilinca ta buɗe sumul. Ya shafa samanta da yatsa, ya ji sabon katako. An fere ta kwanan nan. Ƙofa ba ta fara cijewa haka kawai a gidan da ke tsaye wuri ɗaya. Ya rubuta a littafinsa.

Ɗakin ƙasa ya bari a ƙarshe. Kowa ya sauko. Bango fari tas, kwalabe a jere a kan sabbin katakai. Tanti Rodica tana kan matakala tana murza gefen zanen girkinta, Ilinca tana bayanta.

Dorin ya haska tocila a inda ya sani. Ba komai. Horia ya ɗaga masa gira.

Ya ji ƙamshin miya yana saukowa daga kicin. Ta gobe ce, ya sani. An ɗora ta tun yau.

"A watan Nuwamba," ya ce, "akwai tsaga a bayan katakon nan, daga ƙasa har kusan rufi."

"Ka ji ko!" Nea Simion ya buga sanda a ƙasa. "Duk gidan da ke tudun nan yana da tsaga! Majami'a ma tana da ita, shekara ɗari biyu ba ta faɗo wa kowa ba!"

"Haka ne, nea Simion. Wata tsagar ba ta cutarwa. Shi ya sa na sa aka manna gilashi a kanta."

"Wane gilashi? Wa ya manna? A gidana?"

Dorin ya juya wajen matakala. Ya sani tun yana juyawar cewa abin da zai yi ba shi da kyau, kuma bai ga wata hanya ba, ko kuwa ya bar ta ta wuce shi tun a kan gada.

"Ilinca," ya ce. "Gilashin fa?"

Tanti Rodica ta kama hannun 'yarta. "Ki yi shiru, 'yar nan," ta raɗa. "Ki tuna babanki."

Ilinca ta kalli uban. Ta kalli Dorin. Sannan idonta ya sauka a kan Mirela, wadda ta jingina da gangar giya don ta huta da nauyin cikinta.

Ta zare hannunta daga na uwar, ta sauko. Daga aljihun rigarta ta fito da hankici a ƙulle, ta kwance shi a tafin hannu. Guntayen gilashi huɗu ne.

"Ranar tara ga Maris ya karye," ta ce, "da ƙanƙara ta narke. Na ce ko sanyi ne, ko kwalba ce ta buge shi. Na yanko wani daga firam ɗin hoto na manna. Kwana goma sha ɗaya ya yi." Ta juya wajen uban. "Baba, ka yafe mini. A ɗakina za su kwantar da jaririn."

Costel ya riƙe kafaɗar matarsa, suka hau sama ba sallama. Horia ya bi su yana cewa a tsaya a yi magana, komai yana da gyara.

Nea Simion ya karɓi hankicin. Ya daɗe yana kallon guntayen a cikin ƙaton tafinsa. Dorin ya jira ihu, ihun bai zo ba. Tsohon ya zauna a hankali a kan wani akwati, ya zama ƙarami.

"Fita," ya ce.

* * *

Ilinca ta sami Dorin a bakin titi yana ɗaure tsani a kan mota. Fuskarta ta kumbura.

"Talata biyar ina yi maka ƙarya," ta ce. "Ba sai ka faɗa ba, na sani."

"Ban zo da niyyar faɗa ba."

"Ka gane tun tuni, ko?"

"Na yi zato."

"To me ya hana ka tambaye ni mu biyu? Kwana huɗu kana da waya. Da ka matsa mini, da na faɗa maka, da na nemi yadda zan gaya wa Baba a hankali, a kicin, ba a gaban baƙi ba. Me ya sa sai a gabansa?"

Ya buɗe baki, bai sami abin da ya fi gaskiya sauƙi ba.

"Tsoro na ji. In na tambaye ki mu biyu kika sake cewa yana nan, da na yarda."

Ta gyaɗa kai tana kuka.

"Ka ga, kai ka fita da gaskiyarka tsaf, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Da hannuna ka ɗauke ta. Yanzu za ka shiga mota ka tafi, ni ce zan koma in zauna da su a tebur."

"Ilinca, ki zo mu tafi."

"In bar su a gidan da ke zamewa?"

Ta ciro wata 'yar takarda ta cusa masa a aljihun riga.

"Kalmar sirrin shafinka ce. Na rubuta maka yadda ake komai. Ba ka bukatata."

"Talata fa?"

"Aikin ya ƙare, Dorin."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

* * *

Shafin ya yi aiki yadda ta ce zai yi. Mirela ta rubuta yabo mai tsawo, ta ce mutumin nan ya ceci iyalinta, kowa ya neme shi. Dorin ya bi umarnin takardar ya sa yabon a shafin farko, sannan bai sake karanta shi ba. Kwanakinsa suka cika har ƙarshen Mayu. Yana duba gida biyu a rana, ya faɗa wa baƙi gaskiya su gode masa, ya koma hawa na bakwai ya ci abinci a gaban taga.

Ranar Talata kaɗai ya rufe daga ƙarfe huɗu. Yakan zauna a ofis, kujerar tana gefensa, ana girgiza fenti a shagon gaba. Ya kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba. Mai shagon fenti, wanda matarsa 'yar tudun ce, ya ce an ga motar Horia a can ranar Lahadi, kuma an ce Ilinca ta tafi wajen gwaggonta a garin Sibiu ta huta.

A Talata ta uku, da ƙarfe huɗu da kwata, wayarsa ta yi 'yar ƙarar nan. Wani ya danna koren maɓalli.

Ya buɗe ba da ɗoki ba. Duk rubutun da manyan baƙaƙe ne. An rubuta sunan sau biyu, SIMION SIMION, kamar wanda bai tabbata na farkon ya shiga ba. Titin Majami'a, lamba ashirin da bakwai. Ba hannun Ilinca ba ne, da ba ta bar shi haka ba. Tsohon da kansa ya zauna ya lalubo shafin, ya kalli fuskar nan a murtuke, ya danna da yatsansa.

A wurin da ta tanada don ƙarin bayani akwai layi uku.

ƘOFAR KICIN MA TA FARA CIJEWA.

KA ZO DA KAYAN AIKI.

KADA KA ZO DA FURE.

Dorin ya karanta har allon ya dushe, ya taɓa shi ya sake karantawa. Sannan ya danna amincewa, ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya fara yanka gilashi siri-siri.